Daga Ƙasa da Itatuwa: Neman Sababbin Magungunan Cututtukan da Aka Yi Sakaci da Su

Cututtukan da aka yi sakaci da su rukuni ne na cututtukan ƙasashe masu zafi da suka fi addabar talakawan karkara. Daga cikinsu akwai makantar rafi, tundurmi, tsargiya da ciwon barci. Da yake masu fama da su ba su da halin sayen magani mai tsada, kamfanoni ba su cika zuba jari a bincikensu ba.

Jihar Bauchi ta daɗe da sanin wannan yaƙi. A Gadau aka kafa tashar binciken ƙudan tsando a zamanin Turawa, inda masani T.A.M. Nash ya yi aiki a shekarun 1930. A 1947 kuma aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, wadda ta zama NITR mai hedikwata a Kaduna.

Maganin da ya fi tasiri kan makantar rafi daga ƙasa ya fito. A shekarun 1970, Satoshi Omura na Japan ya ware wata ƙwayar bakteriya daga ƙasar da aka ɗebo, William Campbell na kamfanin Merck a Amurka kuma ya gano cewa sinadarinta na kashe tsutsotsi. Daga nan aka haɗa ivermectin, wanda ake rabawa kyauta tun 1987 da sunan Mectizan, har da ƙauyukan Bauchi. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2015 tare da Tu Youyou ta China, wadda ta fitar da maganin maleriya daga wani nau'in tazargade.

Sai dai ivermectin ƙananan tsutsotsi yake kashewa. Manyan kan rayu har shekara 15 a jikin mutum, shi ya sa ake shan maganin kowace shekara na tsawon lokaci. Wannan giɓi ne ya sa ake ci gaba da nema.

A gida, masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada itatuwan da makiyaya da masu maganin gargajiya suka sani, ciki har da maɗaci, kan ƙwayar sammore. Akan busar da ɓawo ko ganye, a tatso sinadaransa, a gwada a ɗakin bincike, sannan a kan dabbobi, kafin a kai ga mutane. Yawancin sinadaran kan faɗi a hanya saboda guba ko rashin ƙarfi, don haka sakamakon ɗakin gwaji ba izinin shan saiwa ba ne.

A watan Janairun 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da makantar rafi, ta farko a Afirka. Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da cutar, na fatan bin sahu nan da 2030.