Tarihin Rarrabewa da Auna Sinadarai: Daga Allin Tswett zuwa Saiwar Tafashiya

Fannin rarrabewa da auna sinadaran jiki ya ginu ne a kan na'urori biyu da aka ɗaura wa aure. Ta farko, kiromatogirafi, tana rarrabe abin da ke cakuɗe cikin jini ko fitsari ko tsiro, sinadarai su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu, ma'aunin nauyi, tana karɓar kowanne, ta ba shi cajin lantarki, ta auna nauyin ƙwayarsa, ta farfasa ta, ta kuma auna gutsattsarin. Lokacin fitowar sinadari da nauyin gutsattsarinsa su ne ke tona sunansa.

Kowacce ta taso ne a gidanta. A 1903 masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, ya zuba ruwan ganye cikin bututun da ya cika da garin alli, launukan suka rabu hawa-hawa. A Ingila kuwa J. J. Thomson ya gano cewa iskar niyon iri biyu ce ta fuskar nauyi, mataimakinsa Francis Aston ya ƙera ma'auni mai inganci a 1919. James da Martin suka fito da kiromatogirafin iska a 1952, ba a kuma jima ba Gohlke da McLafferty na kamfanin Dow a Amurka suka jona ta da ma'aunin. Wannan haɗi, GC-MS, shi ya kama ɗan tsere Ben Johnson da maganin ƙara kuzari a gasar Olamfik ta 1988.

Ruwa ne ya daɗe yana ba da wuya, domin cikin ma'aunin fanko ne, ko iska ba a bari. John Fenn ya warware matsalar a shekarun 1980 ta hanyar fesa ruwan daga allura mai ƙarfin lantarki har ya ƙafe ya bar ƙwayoyin, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. Daga nan LC-MS, wato haɗin kiromatogirafin ruwa da ma'aunin, ta shiga asibitoci da kamfanonin magunguna.

A Kamaru, gardamar tiramol ce ta fi nuna abin da na'urar ke iyawa. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa wannan maganin rage ciwo a 1962. Yau sunansa ba baƙo ba ne a Duwala, har da New Bell inda unguwar Hausawa take, musamman a hirar 'yan acaɓa da ake kira bensikin. A 2013 ayarin Michel De Waard na Grenoble a Faransa, tare da masana 'yan Kamaru, suka sanar cewa sun sami tiramol a ɓawon saiwar tafashiya daga arewacin ƙasar, har kashi 0.4 cikin ɗari. Labarin ya yi daɗin ji, tunda masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da tafashiya don zazzaɓi da ciwon jiki.

A 2014 Michael Spiteller na Dortmund da Souvik Kusari da abokan aikinsu na Kamaru suka sake gwaji da LC-MS. A saiwoyin kudu ba su ga komai ba. A na arewa mai nisa sun ga ɗan kaɗan ƙwarai, kuma tare da shi akwai sinadaran da jikin mutum ko dabba ke mayar da tiramol bayan an sha. Sun same su a ƙasa da ruwa, har da saiwoyin wasu itatuwan daban. Manoma sun shaida musu cewa ana ɗura wa shanun huɗa maganin don su jure aiki a rana. Shanu su fake a inuwa su yi fitsari, itace ya tsotse. Da awon jimillar nauyi kaɗai aka dogara, da wuya a raba waɗannan sinadarai masu kama da juna, balle a bi sawunsu zuwa garke.

Ɓangaren Faransa bai sallama ba; a 2015 suka kawo hujjar cewa itacen na iya haɗa maganin da kansa. Abin lura, kusan duk awon nan a Turai aka yi shi, domin na'urar na son wuta marar yankewa da tatacciyar iskar gas da makaniki a kusa. A 2016 ayarin Dortmund suka auna kabon-14, wanda ke cikin duk abin da tsiro mai rai ya haɗa amma ya ƙare a man fetur. Sakamakon ya nuna cewa tiramol ɗin da suka samo a yankin na masana'anta ne.