Labarin Faifan Waƙa A Ƙasar Yauri

Ƙasar Yauri tana bakin kogin Kwara, a kudancin Jihar Kebbi. Yelwa ce mazaunin Sarki, Shanga tana daga arewa, Ngaski kuwa da babban garinta Wara suna daga kudu, a gaɓar tafkin Kainji. Mutanen ƙasar iri iri ne, akwai Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Fulani, da kuma Sarkawa masu su. Kowace kabila da irin kiɗanta da waƙarta. Abin da za a bayyana a nan shi ne yadda aka yi ta samun hanyoyin ajiye muryar mawaƙa a ƙasar, da dalilin da ya sa har yanzu a ke samun mutanen da ba su yar da faifansu ba, alhali kuwa waƙa ta koma cikin wayar hannu.

Kafin Zuwan Faifai

A zamanin da, waƙa ba ta da ma'aji sai bakin mai ita. Wanda ya ke so ya ji, tilas ya taka ya je inda a ke yi, ko ƙofar fada ran Salla, ko wurin gayya, ko filin kokawa, ko gidan biki. Da makaɗi ya ajiye gangarsa, shi ke nan, sai abin da kunne ya riƙe. Saboda haka makaɗa su kan tara 'yan amshi, su yi ta biya musu har waƙa ta zauna, ɗa kuma ya tashi ya gaji ubansa. Haka aka yi a gidan Ɗandawo. Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu, ya kuma zauna Yauri, ɗansa Sani ya gaje shi, har sunansa ya kai ko'ina a ƙasar Hausa.

Amma harda tana riƙe kalmomi ne da karin waƙa, ba ta riƙe murya. A shekarar 1830 waɗansu Turawa biyu, Richard Lander da ƙanensa John, suka sauka Yauri suna bin Kwara don su ga inda ta ƙare. Sun rubuta labarin gari da na Sarki, ana karantawa har yau. Amon kiɗan da a ke yi a fada a wannan zamani kuwa ya tafi tare da masu shi.

Garmaho Da Rediyo

A shekarar 1877 wani mutumin Amurka, Thomas Edison, ya ƙaga na'urar da ta ke kama murya ta mayar da ita. Bayan shekara goma Emile Berliner, wani Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da dabarar zana murya a jikin abu mai faɗi, kewayayye. Da abin ya iso ƙasar Hausa ta hannun kantunan Turawa, mutane suka ga ya yi kama da faifan da mata su ke rufe ƙwarya da shi, sai suka sa masa suna faifai, akwatin kuwa garmaho.

Garmaho ba ya bukatar lantarki. Wana shi a ke yi da hannu, a ɗora faifai, a sauke allura a kai. Faifan farko ya kan juya sau 78 a minti ɗaya, gefe guda kuma bai cika wuce minti uku ba. Waƙar fada kuwa doguwa ce, don haka tilas makaɗi ya datse ta, ko a raba ta gefe biyu. Ga shi da saurin fashewa kamar tangaran, ga tsada. Sai sarakuna da attajirai da manyan ma'aikatan En'e su ke da shi, in sun kunna da maraice jama'a su taru a ƙofar gida.

A shekarar 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, ƙananan akwatunan rediyo masu batir kuma suka yawaita. Masunci yana zaune yana gyaran taru, sai ya ji kalangun Mamman Shata, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos. Sai dai mai rediyo ba shi da iko da abin da za a sa masa. Iyakarsa ya aika da kati a shirin Zaɓi Sonka, ya zauna jira.

Ruwan Kainji

Ana cikin haka aka fara gina madatsar Kainji a shekarar 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohon garin Busa ya nutse, tsibiran da Gungawa suka zauna kaka da kakanni ruwa ya rufe da yawa daga cikinsu, aka ta da mutum fiye da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai a kan tudu.

Mutanen da aka tasa sun koyi wani darasi wanda ba su manta ba. Abin da mutum ya iya ɗauka ya sa a jirgi, shi ya tsira. Ɗaki da rumbu da itacen da a ke hira a gindinsa da dandalin da 'yammata su ke gaɗa, duk suna ƙarƙashin ruwa. A wannan lokaci rikoda ba ta riga ta shiga hannun talakawa ba. Saboda haka waƙoƙin tsibiri a cikin kan tsofaffi suka haye tudu, in kuwa tsoho ya rasu bai koya wa kowa ba, nasa rabon ya bi shi.

Zamanin Kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a shekarar 1963, amma sai cikin shekarun 1970 ya bazu a arewacin Nijeriya, sa'ad da kuɗin man fetur suka shigo, alhazai kuma su ke komowa daga Makka da rikoda a cikin tsarabarsu. Kaset ya zo da abin da garmaho bai zo da shi ba, watau kowa yana iya ɗaukar murya da kansa. A ajiye rikoda a gaban makaɗi a gidan biki, a danna, gobe a saurara. A kasuwannin Yelwa da Wara da Shanga masu kaset suka kafa tebur, mutum ya faɗi waƙar da ya ke so, a kwafa masa.

Kaset ɗaya ya kan ɗauki minti 60 ko 90, don haka doguwar waƙa ta sami wurin miƙe ƙafa. Ta wannan hanya ce waƙoƙin makaɗan ƙauye, waɗanda wani kamfani bai taɓa nema ba, suka fara samun ma'aji. Aibinsa kuwa sananne ne. Zafi da ƙura suna ɓata zaren, rikoda ta kan tauna shi, sai a sa biro a naɗe, in ya tsinke a liƙe da jan farce. Kowane kwafi kuma ya kan fi na gabansa dushewa.

Faifan Sidi

A shekarar 1982 Philips da kamfanin Sony na ƙasar Japan suka fito da sabon faifai wanda a ke kira sidi. Faɗinsa santimita 12 ne, ya kan ɗauki minti 74 zuwa 80. Da roba mai haske a ke yinsa, a shafa masa ƙarfe sirit kamar fatar albasa. A jiki akwai 'yan ramuka waɗanda ido ba ya gani, wani haske mai tsini shi ke bin su yana karantawa. Tun da ba allurar da ke gugarsa, sauraro ba ya cinye shi, kwafinsa kuma daidai ya ke da uwarsa.

Cinikinsa ya kai ƙarshen ƙarfinsa a ƙasashen Turai da Amurka wajen shekarar 2000. A ƙasar Hausa kuwa a lokacin ne ya fara kama kasuwa, da zuwan na'urori masu araha daga ƙasar Sin. Ya tarar da sana'ar fim ɗin Hausa ta kafu a Kano tun daga Turmin Danya na shekarar 1990, sai fim da waƙoƙinsa suka koma kan faifai. 'Yan kasuwa su kan saro daga Kano su kawo Yelwa, daga nan ya bi jirgin ruwa zuwa tungayen masunta. Inda lantarki bai kai ba, da janareta ko batirin mota a ke kallo.

Masu shago kuma suka yi wani aiki wanda ba a cika yaba musu ba. Sun tattara tsofaffin kaset na Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Ɗandawo, suka juye su a kan sidi kafin zaren ya mutu. Gaskiya ne yawancin wannan kwafi ba da iznin masu waƙa aka yi shi ba, mawaƙa da magadansu kuma ba su sami hakkinsu ba. Duk da haka muryoyi da yawa ta nan suka tsira.

Waƙa Ta Shiga Waya

A shekarar 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. Ba a daɗe ba aka sami wayoyi masu ɗan katin ajiya wanda bai fi farce girma ba, amma yana ɗaukar waƙa ɗaruruwa. Samari suka kafa kwamfuta a bakin kasuwa suna tura wa mutane waƙa a kan kuɗi kaɗan. Daga baya kuma aka zo ga sauraro ta intanet, inda waƙar tana can a ma'ajin kamfani, mutum yana ji tana zuwa masa kamar ruwan famfo. An kafa YouTube a 2005, Boomplay ya fara aiki a Nijeriya a 2015, Spotify na ƙasar Suwidin kuwa ya iso a 2021. Shagunan faifai da yawa suka rufe, waɗansu suka koma cajin waya.

Ba mai musun amfanin wannan hanya. Ɗan Yauri da ke ci rani a Ikko ko Kumasi yana iya jin waƙar gida duk sa'ad da ya so. To, me ya sa waɗansu su ke riƙe da akwatin faifansu?

Na farko, abin da ke intanet aro ne. In data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke a tsakiyar tafki, ko wanda ya ɗora waƙar ya sauke ta, mai sauraro ba shi da ta cewa. Wayar ma in ta faɗa ruwa ta tafi da abin da ke ciki. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, intanet ba ta san waƙar da ba a kai mata ba. Tsofaffin waƙoƙin da a ke ji a cikinta yau, yawancinsu daga garmaho da kaset da sidi aka juyo su, watau daga akwatin wani mai adana. Manyan mawaƙan Hausa sun sami masu yi musu wannan hidima. Waƙoƙin Gungawa da Kambari, da na masunta, da na masu tuƙa jirgi a bikin Rigata, ba su da masu hidima kamar haka. Harshen Shanga ma 'yan ƙauyuka kaɗan ne suka rage suna yinsa, sauran Shangawa sun koma Hausa. Kaset ko sidi guda da aka ɗauka a wani biki yana iya zama shi kaɗai ya rage na wani makaɗi.

Ba a ƙasar Yauri kaɗai a ke wannan tunani ba. A Japan har yanzu ana sayen sidi ƙwarai. A Amurka kuwa, a shekarar 2022 faifan garmaho ya fi sidi yawan ciniki, abin da ba a gani ba tun 1987.

Adana Faifai

Sai dai faifai ma ba ya dawwama. Wanda aka buga a masana'anta ya kan daɗe, amma wanda aka kwafa a shago da wani irin rini a ke kama murya a jikinsa, rana da zafi kuwa suna koɗar da rinin. Don haka mai faifai ya kama shi ta gefe, ya mayar da shi gidansa in ya gama, ya ajiye shi a inuwa nesa da laima. In zai goge, ya sa ƙyalle mai taushi, ya ja daga tsakiya zuwa baki. Ya kula da bayansa inda a ke rubutu, don ƙarzuwa a nan ta fi ɓarna. Sa'an nan ya juye shi a kwamfuta ko katin ajiya, ya ba wani ɗan'uwa kwafi, kada ya zama wuri guda kaɗai ya ke.

Akwai kuma aikin da ya dace da wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya alƙalami. Ya sami takarda ya rubuta sunan makaɗin, da garinsu, da wanda aka yi wa waƙar, da shekarar da aka ɗauka, ya sa a cikin gidan faifan. In bai sani ba ya tambayi tsofaffi tun suna nan. Murya marar suna kamar jirgi ce marar matuƙi, jikoki za su ji ta ba su san ta wa ce ba. Iyayen mutanen bakin tafki sun tsirar da abin da suka iya ɗauka ran da ruwa ya zo. Wanda ya gaji akwatin kaset ko na faifai a ɗakin ubansa, ya buɗe ya duba kafin ya zubar.