Tazarar Jirgin Sama Tsakanin Kano da Jidda

Hanyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda ta haɗa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, wanda ke ƙaramar hukumar Fagge arewa da Sabon Gari, da Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz a Saudiyya. Tazarar da ke tsakaninsu a miƙe ta kai kimanin kilomita 3,400. Kafin 2023, jirgin da bai yada zango ba yakan shafe awa huɗu da rabi zuwa biyar, ya ratsa sararin Chadi da Sudan, sannan ya ƙetare Bahar Maliya. Agogon Jidda yana gaban na Kano da awa biyu.

Iska da nau'in jirgi da hanyar da aka bi su ke sa lokacin ya ƙaru ko ya ragu. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma zagayawa, tafiyar ta ƙara tsawo.

Jirgi ya fara sauka Kano a 1925, filin Jidda na yanzu kuwa an buɗe shi a 1981. Alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa ne suka fi bin wannan hanya.