Kujera da Kujera: Jami'o'in Birtaniya da Kuɗin Musayar Ɗalibai

A ranar 24 ga Disamba 2020, da aka kammala yarjejeniyar kasuwanci tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai, Firayim Minista Boris Johnson ya sanar cewa ƙasarsa ta fita daga shirin musayar ɗalibai na Erasmus, wai ya yi tsada. Gwamnati ta ce cikin shekara bakwai abin da za ta zuba zai ɗara abin da za ta kwasa da kimanin fam biliyan 2. Sai ta kafa nata shirin, ta raɗa masa sunan masanin lissafi Alan Turing, ta ware masa fam miliyan 110 a shekarar farko. Jami'o'i sun karɓi kuɗin, amma ba su daina ƙorafi ba. Hujjar wannan maƙala ita ce ƙorafin nasu ya fi shafar tsarin kuɗin fiye da yawansa, kuma a kan wannan suna da gaskiya.

Erasmus ya fara ne a 1987 da ɗalibai 3,244. Kasafinsa na 2014 zuwa 2020 ya kai yuro biliyan 14.7, na 2021 zuwa 2027 kuwa yuro biliyan 26.2. To amma ƙarfinsa yana cikin wata ƙa'ida ce mai sauƙi: ɗalibin da ya tafi musaya ba ya biyan kuɗin makaranta a jami'ar da ta sauke shi, kuma darussan da ya ci a can ana lissafa masa su a gida. Tallafin da ake ba shi na hanya ne da abinci da makwanci. Ita kujerar aji da kujera ake biyan ta. Tsari ne irin na adashi, wanda ba ya zubi ba ya ɗauka.

Nan shirin Turing ya gaza. Masu fita kaɗai yake ɗaukar nauyinsu, ba ruwansa da masu shigowa. Ke nan ana so jami'a a Faransa ko Sifaniya ta yafe wa ɗalibin Birtaniya kuɗin makaranta, alhali nata ɗalibin ba shi da tallafin zuwa Birtaniya, sai dai ta tsakuro daga ɗan kason da Erasmus ya yarda a kashe a ƙasashen da ba sa cikin shirin. Idan zamansa a Birtaniya zai wuce wata shida, ga kuɗin biza, ga kuɗin kiwon lafiya da ake karɓa daga baƙi. Da zarar masu zuwa sun ragu, kujerun da ake tanadar wa masu tafiya ma raguwa za su yi, ko da kuwa gwamnati ta cika musu aljihu.

Ma'aikatar kuɗi da jami'o'i adadi ɗaya suka duba, kowa ya fahimce shi daban. Kafin ficewar, ɗaliban da Birtaniya ke karɓa a ƙarƙashin Erasmus sun kusa ninka waɗanda take turawa. Ma'aikatar ta rubuta wannan a shafin asara. Ƙungiyar shugabannin jami'o'i, Universities UK, ta dage cewa riba ce: baƙin suna biyan haya, suna cefane, kuma wasunsu suna dawowa karatun digiri na biyu su biya cikakken kuɗi. Sassan koyar da harsuna, waɗanda ɗalibansu kan yi shekara guda a ƙasar da ake magana da harshen, su suka fi kowa jin jiki bayan ficewar.

Abin da aka fi mantawa da shi a muhawarar shi ne malamai da ma'aikata. Erasmus yana biyan tafiyar malami ya koyar ko ya karɓi horo a wata jami'a, daga 'yan kwanaki har zuwa wata biyu. Turing bai tanadi wannan ba. A ganina wannan ce asarar da ta fi zurfi, ko da yake ba ta fitowa a kanun jaridu. Yarjejeniyar musaya tsakanin sassa biyu ake ƙulla ta, kuma galibi takan faro ne daga malami biyu da suka san aikin juna. Su ne za su zauna su daidaita manhaja, su amince cewa kwas ɗin can ya yi daidai da na nan. In aka daina tafiyar malamai, takarda tana nan a ofis, amma ba mai bin ta idan wa'adinta ya ƙare.

Sai batun lokaci. Kasafin Erasmus na shekara bakwai ne, na Turing kuwa kowace shekara sai an nema, kuma jami'o'i sun sha kokawa cewa sakamakon yakan fito daf da lokacin tafiya. Ɗan mai hali zai sayi tikiti ya jira. Wanda gidansu ba shi da shi sai ya haƙura.

Wasu gwamnatocin kuwa wata hanyar suka bi. Bayan ƙuri'ar taƙaita shigar baƙi ta Fabrairun 2014 ta raba Suwizalan da Erasmus, ƙasar ta kafa tsarin da ke biyan masu fita da masu shigowa daga aljihunta. Gwamnatin Wales ta ware fam miliyan 65 ga shirinta na Taith, wanda ya haɗa ɓangarorin biyu har da ma'aikata. Jamhuriyar Ailan kuwa ta ɗauki nauyin ɗaliban Ailan ta Arewa don su ci gaba da cin gajiyar Erasmus.

Duk da haka, ba a wanke jami'o'i tas ba. Suna magana da bakin amfaninsu, kuma sun daɗe suna kau da kai daga gaskiyar cewa 'ya'yan masu hali ne suka fi tafiya. Turing ya ƙara tallafi ga ɗaliban da suka fito daga gidajen marasa galihu, ya yarda da gajerun tafiye-tafiye na 'yan makonni, waɗanda suka fi dacewa da mai aiki ko mai iyali. Wannan gyara ne na gaske, kuma bai kamata ɗokin komawa Erasmus ya binne shi ba. Iƙirarin cewa Turing ne ya buɗe ƙofar duniya kuwa akwai ƙari a ciki, domin tun 2015 Erasmus ke biyan musaya da jami'o'in wajen Turai, har da na Afirka, zuwa da dawowa. Ficewar Birtaniya ta toshe wannan hanya tsakanin jami'o'inta da irin su na Najeriya da Gana, kuma Turing bai maye gurbin ɓangaren shigowar ba.

A Disamban 2025 gwamnatin Keir Starmer ta sanar da komawa Erasmus a 2027, a kan kimanin fam miliyan 570 bayan rangwamen kashi 30 cikin ɗari. Jami'o'i sun yi maraba. Sai dai yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce, ta ƙarshe a kasafin da ake ciki, kuma abin da zai biyo baya daga 2028 sai an sake zama a kansa. Masu fita da masu shigowa da malamai duk sun dawo cikin lissafi, amma jami'ar da ke son ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da takwararta har yanzu tabbacin kuɗin shekara ɗaya kawai ke hannunta.