Layukan Keke a Birnin Sevilla, 2006–2011: Nazarin Tsari, Sakamako da Naƙasu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda birnin Sevilla na ƙasar Sifen ya shimfiɗa layukan keke daga 2006 zuwa 2011, da abin da ya biyo baya. An dogara da bayanan da masana na Jami'ar Sevilla suka wallafa game da tsawon layukan, kuɗin aikin, yawan mahaya da haɗurra. Nazarin ya gano cewa abin da ya ɗora jama'a a kan keke shi ne haɗuwar layukan da juna, da raba su da motoci, da kammala aikin cikin ƙanƙanin lokaci. Ya kuma nuna cewa ci gaban ya tsaya cik sa'ad da aka daina kula da shirin.

Muhimman kalmomi: keke, tsara birane, sufuri, Sevilla, haɗurran hanya

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka tayar da zancen hawan keke a birane, ƙasashen Holan da Danmak ake fara ambata, sai a ce ai gadonsu ne, ƙasarsu kuma mai sanyi ce. Da wannan hujja hukumomi da dama suke wanke hannunsu. Sevilla ta rushe hujjar. Birni ne mai mutum kimanin 700,000, hedikwatar yankin Andalusiya, shimfiɗe a bakin kogin Guadalquivir, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta. Kafin 2006, abin da ake yi a kan keke bai kai kashi 1 cikin 100 na zirga-zirgar birnin ba. Shekara biyar bayan haka ya doshi kashi 6. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me aka yi daidai, kuma me aka bari a baya?

2.0 Hanyar Bincike

Nazarin misali guda ne. An kwatanta halin da birnin yake ciki kafin aikin da bayansa ta fuskoki huɗu: fasalin layukan, saurin gininsu, yawan tafiye-tafiye, da haɗarin karo da mota. Manyan madogaran su ne aikin Ricardo Marqués da abokan bincikensa na 2015 kan tasirin layukan, da wanda ya yi tare da Hernández-Herrador a 2017 kan haɗurra. A lokacin, Marqués malamin kimiyyar fiziya ne a Jami'ar Sevilla, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mahaya keke ta A Contramano a 1987.

3.0 Yadda Aka Tsara Aikin

3.1 Tushen siyasa

Ƙungiyar A Contramano ta yi kusan shekara 20 tana kira ba a saurare ta ba. Dama ta samu bayan zaɓen 2003, lokacin da magajin gari Alfredo Sánchez Monteseirín na jam'iyyar PSOE ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da jam'iyyar Izquierda Unida, wadda ta ɗauki batun keke da muhimmanci. Aka shigar da layukan cikin babban tsarin birni na 2006, aka buɗe ofishi na musamman mai kula da sha'anin keke, aka kuma ware masa kuɗi.

3.2 Fasalin layukan

Kafin aikin, birnin yana da layin keke na kusan kilomita 12, amma guntu-guntu ne, wannan a nan, wancan a can. Mahayi zai yi 'yan mintuna cikin natsuwa, sai layin ya ƙare ya tsinci kansa tsakanin bas da ƙananan motoci. Layi irin wannan tamkar gada ce da ba ta kai ɗaya gaɓar ba: komai kyanta, babu mai hawanta da yaronsa.

Masu tsara sabon aikin sun kafa wa kansu sharuɗɗa. Layi zai bi manyan tituna, inda jama'a suke bi tun asali, ba lunguna ba. Zai haɗa unguwanni da tsakiyar gari, da harabobin jami'a, da tashoshi, ba tare da yankewa ba. Kamanninsa ɗaya ne ko'ina: koren fenti, faɗin kimanin mita 2.5, masu zuwa da masu komowa a gefe guda na titi. Sannan dole a sami wani abu na zahiri tsakaninsa da motoci, ko dai a ɗaga shi ya yi daidai da dakalin masu tafiya a ƙasa, ko a jera turaku ko ɗan shinge.

Wanda ya tsaya a titin da ya kewaye tsohon gari zai ga tsarin a fili. Daga bangon gidaje akwai dakalin masu ƙafa, sai koren layi, sai shinge, sannan kwaltar motoci. Mafi yawan filin da layin ya ci, wurin fakin motoci ne a da. An soke dubban irin waɗannan wurare. A cikin tsohon garin kuwa, inda lunguna suka yi matsi, ba a ja layi ba, sai aka rage shigar motoci. A 2007 aka hana motoci bin babban titin Avenida de la Constitución, aka bar shi ga masu ƙafa da masu keke da jirgin tarago.

3.3 Saurin aiki

Tsakanin 2006 da 2007 aka shimfiɗa kusan kilomita 80, zuwa 2010 tsawon ya kai kimanin 120. Gaggawar tana da dalili. Zaɓe na tafe a watan Mayun 2007, kuma masu shirin sun san cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Da an yi aikin titi-titi, da kowane titi ya zama fagen rigima da masu motoci da masu shaguna, alhali layin da aka gama yana nan wayam don bai haɗu da komai ba. Da aka buɗe layukan kusan lokaci guda, sai suka cika da mahaya, masu ƙorafi suka ga amfanin abin da idonsu. A watan Yulin 2007 aka ƙara da kekunan haya na Sevici, waɗanda suka kai kimanin 2,500 a tashoshi 250, wanda ba shi da keke ma ya sami na gwaji.

4.0 Sakamako

Tafiye-tafiye a kan keke sun tashi daga kimanin 13,000 a ranar aiki a 2006 zuwa fiye da 70,000 a 2011. Mata, waɗanda a da ba safai ake ganinsu a kan keke ba, suka kai wajen kashi ɗaya cikin uku na mahaya. Wannan muhimmiyar alama ce, domin inda hanya take da haɗari samari ne kaɗai ke kasadar shigarta.

Binciken 2017, wanda ya yi amfani da rahotannin 'yan sandan hanya daga 2000 zuwa 2013, ya nuna haɗarin da mahayi ke fuskanta na karo da mota ya faɗi ƙwarai da zarar layukan sun haɗu. Faɗuwar ta zo farat ɗaya, abin da ke nuna cewa haɗuwar ce ta yi aiki, fiye da yawan kilomitoci kawai.

Ta fuskar kuɗi, kilomita 120 ɗin sun ci kimanin Yuro miliyan 32. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin, mai tsawon kilomita 18, wanda aka buɗe a 2009, ya ci fiye da Yuro miliyan 600.

5.0 Naƙasu

Gaggawa ta bar tabo. Ɗaga layi daidai da dakali ya haddasa saɓani da masu tafiya a ƙasa, musamman a wuraren jiran bas. A wasu mahaɗu kwanar ta yi tsauri, a wasu wuraren faɗin ya yi wa cunkoson safe kaɗan. Amintaccen wurin ajiye keke ya yi ƙaranci, ga sata, ga tsofaffin benaye marasa ɗakin ajiya. Garuruwan kewaye, inda ma'aikata da yawa ke kwana, ba a haɗa su da layukan yadda ya kamata ba.

Babban naƙasun ya zo bayan zaɓen 2011, lokacin da Juan Ignacio Zoido na jam'iyyar PP ya karɓi mulki. An rufe ofishin keke, kulawa ta ragu, yawan mahaya ya daina hauhawa. Ba a tone layukan ba, domin jama'a sun riga sun rungume su, amma gyaran kurakuran farko ya tsaya.

6.0 Kammalawa

Darasin Sevilla ya shafi biranen da suka yi kama da ita a shimfiɗa da zafi, irin su Kano da Maraɗi da Damagaram, inda keke ba baƙo ba ne, kuma tsadar mai tun bayan cire tallafi a Nijeriya a watan Mayun 2023 ta sa kuɗin mota ya zama nauyi ga ɗalibi da ma'aikaci. Sai dai gefen titi a waɗannan birane cike yake da 'yan tireda da masu Adaidaita Sahu, don haka fenti kaɗai ba zai tsare layi ba, kuma dole a zauna da masu sana'a kafin a ja shi.

Maƙalar tana ba da shawara uku. A zana taswirar layukan gaba ɗaya kafin a fara, a gina ƙashin bayanta cikin zangon mulki guda. A raba layin da motoci da shingen da ba ya ƙetaruwa. A kafa ofishin kula da shi bisa doka, da kasafinsa na shekara-shekara, yadda sauyin gwamnati ba zai tafi da shi ba. Hukumar da ba ta shirya wa waɗannan uku ba, gara ta dakata har ta shirya, domin guntun layi asarar kuɗin jama'a ne.