Asalin Gidan Fugger

A shekarar 1367 wani masaƙi mai suna Hans Fugger ya baro ƙauyensu Graben, ya shiga birnin Augsburg a kudancin Jamus, aka rubuta sunansa a littafin haraji. Sana'arsa saƙa wani yadi mai kauri, zaren tsaye na lilin, na kwance kuwa na auduga. Da hannunsa ya yi nauyi sai ya ajiye ƙoshiya, ya koma sayo auduga yana raba wa masaƙa, yana karɓar yadi ya sayar. Daga nan gidan ya tashi.

Jikansa Jakob, wanda aka haifa a 1459, shi ya kai gidan inda ba a zata ba. An tura shi Benis tun yana saurayi, ya koyo ciniki da lissafin shiga da fita. Da ya dawo sai ya lura sarakuna kullum aljihunsu a bushe yake, ga yaƙi ga hidimar fada. Ya riƙa ba su rance, su kuma suna jinginar masa da ma'adinai, ya kwashi azurfar Tirol, ya haɗa da tagullar Hangari.

Sarkin Sarakuna Maximilian ya ci bashinsa har wuya. A 1507 ya sallama masa ƙasar Kirchberg da garin Weissenhorn, a 1514 kuma ya naɗa shi sarautar Graf. Jikan masaƙi ke nan ya shiga sahun masu ƙasa. Da Maximilian ya rasu a 1519, jikansa Karl ya nemi gadon, masu zaɓen sarki bakwai kuwa sai an shafa musu. Jakob ya zuba fiye da gulden dubu 500, Karl ya hau. Da biya ya yi nawa, Jakob ya aika masa takarda, ya tuna masa wanda ya ɗora shi.

Ya kuma gina wa talakawan Augsburg mabiya Katolika unguwa guda, ana kiranta Fuggerei. Kuɗin haya gulden ɗaya a shekara, da addu'a uku kullum ga masu gidan. Har yau ana zaune a ciki, hayar ba ta kai yuro ɗaya ba.

Jakob ya rasu a 1525 bai bar ɗa ba. Ɗan wansa Anton ya gaji dukiyar, kuma zuriyar gidan ce ke kula da unguwar har yanzu.