Tashar Baro Da Yasar Kogin Kwara: Waiwaye Adon Tafiya

Ya ku 'yan'uwa mazauna Minna da Kaduna da Kano da Abuja da Ikko, a duk lokacin da kuka zo gida hutun salla, tambayarku ɗaya ce: yaushe jirage za su dawo Baro? Mun ga ya kyautu mujallarmu ta bana ta amsa wannan tambaya daga tushe, domin wanda bai san abin da ya tayar da gari ba, da wuya ya gane abin da ya kwantar da shi.

Kafin zuwan Turawa, kakanninmu da maƙwabtansu Kakanda da Kede sun daɗe suna safara a kan Kwara cikin manyan kwale-kwale. Turawa kuwa ba su tabbatar da inda kogin ya faɗa teku ba sai a 1830, lokacin da Richard Lander da ƙanensa John suka bi shi har ƙarshe. A 1854 Dakta Baikie ya hauro da jirgi mai tafiya da tururi, jama'arsa suna shan kwinin, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa mutum ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1886 kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki da ciniki a kan kogin, har zuwa ranar 1 ga Janairu 1900 da gwamnatin Ingila ta karɓi ragama a Lakwaja.

Darajar Baro ta fito ne a 1907, lokacin da Gwamna Girouard, wanda injiniyan jirgin ƙasa ne, ya kama aikin shimfiɗa dogo daga bakin kogi zuwa Kano. Hukumar Arewa tana son hanyarta ta kanta zuwa teku, ba sai ta bi ta Ikko ba, kuma Baro na daga cikin wurare mafi nisa da jirgin kaya ke iya kaiwa a yawancin watannin shekara. Ƙarafan dogo da kawunan jirage duk ta ruwa aka hauro da su daga bakin teku, aka sauke a gaɓar nan tamu. Dogo ya isa Kano a 1911, bayan tafiyar mil 356. Shekara guda bayan haka cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, buhuna suka riƙa gangarowa Baro, ana loda su a jirage zuwa Burutu.

To, amma tun ranar gini ranar zane. Layin da ya taso daga Ikko ya haɗu da namu a Minna, kuma da aka gama gadar Jebba a 1916, sai ɗan kasuwa ya ga zai iya loda kayansa a Kano ya sauke a Ikko ba tare da sauyin jirgi ba. Ga kuma halin kogin kansa. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa ya cika ya batse, babban jirgi ya wuce lafiya. Da bazara ta kama, sai tsibiran yashi su ɓullo a tsakiyar kogi, hanyar da matuƙi ya bi bara ta zama tudu bana. Duk da haka gyaɗa da auduga sun ci gaba da bin ruwa har bayan samun 'yancin kai. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ne ya datse zirga-zirgar, kuma da aka gama yaƙi, kuɗin man fetur ya kawo kwalta da manyan motoci. Layin Baro zuwa Minna ya mutu a hankali, ciyawa ta rufe shi, samarinmu suka bi kaya zuwa birane.

Maganar yasar kogi ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1950 aka gayyato injiniyoyi daga ƙasar Holan suka yi nazarin Kwara da Binuwai, suka ba da rahotonsu a 1959. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, mai hedkwata a Lakwaja. Sai a watan Satumba 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 36. Bayan kusan shekara goma, a watan Janairu 2019, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya buɗe sabuwar tasharmu.

A nan ne muke roƙon ku natsu. Jirgin yasa yana da baki mai haƙora da ke farfasa ƙasan kogi, injin ya zuƙe yashin haɗe da ruwa, ya tura shi ta cikin bututu zuwa gaɓa. Hanya ce ake fitarwa a cikin kogi, mai zurfin da jirgin kaya zai bi ko da rani, a kafa mata alamomi. Amma kogi ba ya hutawa. Kowace damina ruwa yana ɗauko yashi daga tudu ya zuba a ramin da aka haƙa. Duk wanda ya taɓa yasar rijiya ya san ba a yi sau ɗaya a ce an gama har abada. Saboda haka yasa ta farko ba ta da amfani mai ɗorewa sai an bi ta da ƙananan yasa a kai a kai, tare da auna zurfi da gyara alamomi. Haka Holan da Jamus suke yi wa kogin Rhine, haka Amurka take yi wa Mississippi.

Abu na biyu, tasha mahaɗa ce. A 1911 Baro ta rayu domin ruwa da dogo sun gaisa a wuri ɗaya. A 2019 an buɗe tasha alhali dogo ya mutu, hanyar mota ta Agaie zuwa Katcha zuwa Baro kuma ba a kammala ta ba. Shi ya sa shekaru suka biyo baya gine-gine da na'urorin ɗaga kaya suna tsaye, jirage ba su zo ba. Tarihin nan ya nuna mana duwatsun murhu uku ne: zurfin ruwa, hanyar tudu, da kayan da za a ɗauka. In babu ɗaya, tukunya ba ta zama.

Mene ne namu a ciki? Da yawanku kuna aiki a ma'aikatu, wasu a majalisa, wasu a gidajen jarida. Idan za ku yi magana a madadin gida, ku daina tsayawa ga neman a sake bikin buɗewa. Ku tambayi nawa aka ware wa yasar kogi a kasafin kowace shekara, ina aka kwana a kan hanyar Agaie, kuma yaushe za a farfaɗo da dogo zuwa Minna. Ku nemi a saurari masunta da manoman fadama kafin a zubar da yashi a gaɓarsu, domin abincinsu yana wurin. Sannan ƙungiya ta duba yiwuwar ɗaukar nauyin wasu yaranmu su koyi tuƙin jirgin ruwa da walda da gyaran inji, kada ranar da jirage suka iso a ɗauko ma'aikata daga nesa, namu suna kallo.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muka tsufa a nan mun ji labarin kukan jirgi daga bakin iyayenmu. Muna fatan jikokinmu su ji shi da kunnuwansu. Allah Ya raya garinmu, Ya haɗa kanmu, amin.